Matar da Ta Yi Jinyar Inna

A unguwar Nuzla ta birnin Jidda aka haife ni, a wani lungu da mota ba ta iya shiga. Kakana ya taso daga ƙasar Katsina ya zo aikin hajji a ƙasa, shi da matarsa da 'yarsu ƙarama, bai sake komawa ba. Wannan 'yar ita ce mahaifiyata, wadda muke kira Inna. A Jidda ta girma, ta yi aure, ta haifi yayana, ta haife ni. Larabcin Hijaz ya zauna a bakinta, har in tana ciniki a kasuwa ba ka raba ta da 'yan gari. Hausa sai in ranta ya ɓaci, ko in wata tsohuwar ƙawa ta zo. Mu kuwa muna ji sarai, amma in za mu mayar da magana sai Larabci ya riga fita.

Mun daɗe da barin Nuzla mun koma unguwar Safa lokacin da ciwon ya same ta. Gidan bene ne mai hawa da yawa, Yaya da iyalinsa a ƙasa, ni da Inna a samansu, don aurena ya mutu tuntuni, 'ya'yana kuma kowa ya kama gabansa. Wata safiya ta faɗi a ƙofar bayi. Da aka sallamo ta daga asibiti ɓarin jikinta na dama ya shanye, Larabcin nan kuma duk ya tafi, ko ruwa ba ta iya nema da shi. Abin da ya rage mata Hausar ƙuruciya ce, wadda ta ji a bakin uwarta, sai 'yan surorin da take salla da su.

Ina koyarwa a makarantar 'yan mata, ba zan iya zaman gida ba. Mun kawo masu jinya ɗaya bayan ɗaya, mutanen kirki, amma ba mai jin abin da Inna ke faɗa. Ta ce ƙafarta na ciwo, a kawo mata shayi. Sai ta yi ta kuka kamar ƙaramar yarinya. Yaya ne ya yi ta cigiya har aka samo mana wata 'yar Najeriya mai jin Hausa, ya zama kafilinta, wato mai ɗaukar nauyin zamanta a ƙasar.

Gajeriya ce, baƙa, kakkaura, mai wushirya, da tabon ƙuna a hannun hagu daga wuyan hannu har gwiwa. Tana shiga ɗakin ta durƙusa a gefen gado ta ce, "Sannu Mama. Ya jikin?"

Inna ta juyo da kai a hankali ta ƙura mata ido. Ta ce, "Daga ina?"

"Daga kan dutse, Mama. Garinmu duk duwatsu ne, sanyi kamar ya kashe mutum."

Inna ta yi dariya da rabin bakinta, dariyar farko tun da ta kwanta. Daga ranar ta sa mata suna 'Yar Dutse, mu ma muka bi.

Kirista ce, haka aka rubuta a iƙamarta, katin izinin zamanta. Yaya ya gani tun farko, ya ce ba ruwanmu, aiki ta zo yi. Ni ce ma na ɗan yi jim, ina tunanin wa zai kula da sallar Inna in ina makaranta. Ashe ban san wadda aka kawo mana ba. Da an kira salla za ka ji ta, "Mama, an kira azahar." Ta kawo ruwa a roba ta yi mata alwala gaɓa bayan gaɓa, ta ce a wurin maƙwabtansu Musulmi ta koya. Ta juya kujerar ta fuskanci alƙibla, ta gyara mata mayafi, ta fita ta ja ƙofa. In Inna ta kakare a kalmar shahada, ita ke ɗauko mata farkonta ta bar ta ta ƙarasa.

Gidanmu ya canza. Ta sa ni na riƙa komawa Nuzla ina sayo kuka da daddawa da gyaɗa, Inna ta koma cin tuwo tana shan kunu. Kullum tana ƙorafin ba acca a garin nan, ta ce ranar da na ci gwaten acca zan manta da kabsa, dafa-dukan Larabawa. Ni ma Hausata ta miƙe a hannunta, don in na jefa Larabci sai ta ce, "Ƙanwata, ban ji ba, maimaita da harshen Mama." Tana aiki tana waƙa ƙasa-ƙasa, wani lokaci ta ɗauki jarkar ruwa da ta ƙare tana bugawa da tafin hannu, ta ce haka matan majami'arsu ke buga tulu. Ban taɓa zama da mai yawan dariya irinta ba.

Shi ya sa na daɗe ban tambaye ta labarin tabon ba. Wata rana muna tsinke alayyahu a kicin na tambaya. Ta dubi hannun kamar na wani ne, ta ce rikici aka yi a garinsu, aka cinna wa majami'a wuta da mutane a ciki. Ita da 'yarta sun fita. Mijinta ma ya fita, sai ya tuna da wani tsoho makaho da ke zama a layin gaba, ya koma. Ta kama kwanon rufin da ya faɗo a bakin ƙofa tana ja da hannu, har aka janye ta. Mijin bai sake fitowa ba.

Na ci gaba da tsinke alayyahun. Can na ce, "Kuma kika yarda kika zo aiki gidan Musulmi?"

Ta ce, "Wadda ta ɓoye ni da 'yata a ƙuryar ɗakinta, ta sa mana hijabi, Musulma ce. Ita ta shafa min man kaɗanya a hannun nan. Wa zan ƙi, wa zan bari?"

Na ce, "To dariyar fa? Daga ina kike samo ta?"

Ta ce, "Gado muka yi. Bari in na zo yi wa Mama kitso in ba ku labari."

Da la'asar ta zaunar da Inna a gabanta, ta tsefe farin gashin nan, ta fara. Ta ce a zamanin Romawa masu bi na farko ba su da majami'a ko ɗaya. A ɗakunan juna suke taruwa, wani lokaci a cikin ramukan kaburbura a ƙarƙashin gari. In aka kama mutum, abin da ake nema gare shi kaɗan ne: ya ɗebi turare ya zuba a wuta gaban gunkin sarki, ya tafi gida wurin 'ya'yansa. Da yawa suka ƙi. Ta ba mu labarin wasu mata biyu, ɗaya 'yar manyan gida mai shayarwa, ɗaya baiwa mai tsohon ciki wadda ta haihu a kurkuku. Uban 'yar manyan gidan ya zo yana kuka yana sumbatar hannunta, ya ce ta ji tausayin furfurarsa. Ta yi kuka ita ma, amma ta ce ba za ta iya kiran kanta da wani suna ba sai abin da take. Ranar da aka fito da su filin wasa, jama'a sun cika maƙil, suka shigo suna waƙa kamar masu rakiyar amarya. Aka sako musu wata mahaukaciyar saniya ta yi sama da 'yar manyan gidan. Da ta faɗo, sai ta tashi zaune ta ja rigarta ta rufe cinya, ta nemi abin ɗaure gashi.

'Yar Dutse ta tsaya da kitson tana dariya, idonta cike da ƙwalla. Ta ce, "Kin ji fa, ƙanwata! Wai kada a gan ta da gashi a barbaje a ce makoki take yi. Sannan ta je ta miƙa wa baiwar hannu ta tashe ta, suka tsaya tare."

Na ce, "Jaririn fa?"

Ta ce, "'Yan'uwa suka raine shi. Ai ba a rasa mai raino."

Na ɗauka Inna barci take yi. Sai muka ji muryarta, kalma ɗaya-ɗaya, tana jan kowace kamar guga daga rijiya. Ta ce, "Mutanen rami." Muka matsa kusa. Ta ce a ƙasar nan aka yi, can kudu wajen Najran, kafin zuwan Manzo. Sarki ya haƙa rami ya cika da wuta, ya ce duk wanda bai bar addinin Annabi Isa ba a jefa shi. Wata mata ta zo da goyo, ta ja baya saboda ɗan, sai jaririn ya buɗe baki ya ƙarfafa mata zuciya. Inna ta ce, "Muna karanta su a salla. Allah ya yabe su."

'Yar Dutse ta saki gashin, ta zagayo ta durƙusa a gabanta. Ta ce, "Mama, kuna da labarinsu? A cikin salla?"

Inna ta ɗora hannunta mai lafiya a kanta ta ce, "Mutanenku ne, 'yata."

Ban taɓa ganin 'Yar Dutse ta yi kuka da sauti ba sai ran nan.

Juma'a ce ranar hutunta. Takan shirya da safe ta ce za ta gaida 'yan'uwa a unguwar Bani Malik. Na san ibadarsu ake nufi, ban taɓa tambaya ba. Wata Juma'a zafi ya yi yawa, na ce ta shigo in kai ta a mota. A hanya ta gaya min yadda suke yi. Ɗakin wani direba ne a saman wani shagon taya. Ba sa shiga tare, sai ɗaya ya shige a jima wani ya bi. Su rufe taga, su ƙure na'urar sanyaya ɗaki don ƙararta ta danne murya. Tafi da yatsu biyu suke yi. Akwai Habashawa, da 'yan Kenya, da wata tsohuwa 'yar Chadi, kowa na waƙa da harshensa a murya ɗaya.

Na ce, "Ba kwa jin tsoro?"

Ta ce, "Muna ji mana. Ranar da aka buga ƙofa da ƙarfi, wata har fitsari ta saki, ashe mai kawo gas ne. Mun yi dariya har muka kasa addu'a."

Na ajiye ta a bakin titi, na zauna cikin mota na jira. Da suka tashi na ga suna fitowa ɗaya-ɗaya, mata cikin baƙar abaya kamar kowa, maza da kayan aiki. Ba mai kallon wani. Amma fuskokinsu kamar waɗanda suka fito daga gidan suna.

Mun shekara biyu da wani abu a haka. Inna ta yi ƙiba, har tana iya riƙe cokali.

Abin ya faru wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Yaya ya hawo gaida Inna kamar yadda ya saba, da farar rigarsa da ƙamshin turare. 'Yar Dutse ba ta dawo ba. Inna tana zaune a kujera tana kaɗa kai, tana rera wani abu. Mai irin ciwonta waƙa ta fi zo masa da sauƙi a kan magana, likita ma ya faɗa mana. Yaya ya sunkuya yana murmushi don ya ji, sai ya ji sunan Yesu a bakin uwarsa.

Ya miƙe a hankali. Ya kira ni falo ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Yaya, waƙa ce kawai take ji tana maimaitawa. Ba ta fasa salla ko ɗaya ba. Matar nan ce ma ke yi mata alwala."

Ya ce, "Inna tana bakin kabari. In mutuwa ta zo mata da wannan a baki fa? Me zan ce wa Allah?" Ba mugu ba ne yayana. Shi ya ɗauki Inna a bayansa ya sauko da ita bene ranar da ta faɗi. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda ba ya jin magana.

Na roƙe shi, na yi kuka, na yi faɗa da Hausa da Larabci. Matarsa ma ta sa baki. A ƙarshe ya ce abu ɗaya zai sa ta zauna.

Da ta dawo ya sa aka kira ta. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi. Ya yi mata magana da mutunci, ya ce ya san alherin da ta yi wa gidan nan, ba zai iya biyanta ba. Ya ce in za ta karɓi Musulunci, ta zama 'yar gida, shi da kansa zai kai ta Makka, ya kawo 'yarta ma ta yi aiki a nan. In ba haka ba, shi ke nan, zai yi mata takardar fita daga ƙasar.

Ta dubi kafet. Sannan ta ce, "Alhaji, na gode. Na san don kana ƙaunata ka faɗa. Waƙar kuwa laifina ne, ban lura tana ɗauka ba, zan daina. Amma ɗayan ba zan iya ba."

Ya ce, "Ki yi tunani."

Ta ce, "Na yi, tun a bakin ƙofar da mijina ya shiga."

Da ya sauka na bi ta kicin na kama hannunta. Na ce, "Ki faɗa da baki mana, zuciyarki taki ce. Wa zai sani? Ki dubi Inna."

Ta share min hawaye da gefen mayafinta, ta ce, "Ƙanwata, ke za ki iya? A ce ki faɗa da baki kawai?"

Na saki hannunta, don na san ba zan iya ba.

Kafin takardun su fito ba ta sake waƙa a gidan ba. Aikinta dai bai ragu ba, dariyar ma tana nan, sai dai gidan ya zama kamar an ɗauke wuta. Ranar tafiya ta yi wa Inna wanka, ta yi mata sabon kitso, ta shafa mata mai a ƙafa. Ta nuna wa sabuwar mai jinyar da aka ɗauko yadda ake juya Inna. Sannan ta durƙusa ta ce, "Mama, zan je in ga 'yata."

Inna ta riƙe mata zane da hannunta mai lafiya, ta ƙi saki. Sai da na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

A filin jirgi ni ke kuka ita ke lallashi. Ta ce, "Kada ki riƙe Alhaji a zuciya. Uwarsa yake tsoron rasawa. Yalla, koma gida, an kusa kiran la'asar, ba wanda zai juya mata kujera."

Inna ba ta ƙara cin tuwo da daɗi ba. Duk wanda ya buɗe ƙofa sai ta ɗago ta ce, "'Yata ce?" Ta rame, magana ta ƙara yin nisa. 'Yar Dutse kan aiko da saƙon murya, gaisuwa kawai, in kara wayar a kunnen Inna, ta yi ta shafa gilashin da yatsa. Ba ta kai azumi na gaba ba. Da hantsi ta cika, ni da Yaya muna gefenta, da kalmar shahada a bakinta, ta faɗe ta tiryan-tiryan ba wanda ya ɗauko mata. Da na gaya wa 'Yar Dutse a waya ta yi kuka, ta ce, "Na gode wa Allah. Mama ta tafi yadda take so."

Muka ci gaba da gaisawa. Ta koma ƙauyensu tana noman dankali da acca. 'Yarta ta gama karatun jinya ta samu aiki a birni. Ta turo min hoton majami'arsu da suka sake ginawa, ba filasta, ba ƙyaure, mata sun yi anko suna rawa a gabanta, ita a tsakiya da tulu a cinya. Wani lokaci takan ce dare ba lafiya, suna kwana a cikin duwatsu. Na ce ta koma birni wurin 'yarta. Ta ce in kowa ya tafi wa zai buɗe majami'a.

Wata rana ina ɗakin malamai lokacin tara, da kofin shayi a hannu, wayata ta yi ƙara da lambarta. Na ɗauka ina cewa, "'Yar Dutse, kin manta da mu." Sai na ji wata murya daban, ta yarinya, a natse.

Ta ce, "Anti, 'yarta ce. Mama ta tafi gida ran Lahadi."

Ban gane ba da farko, na ce wane gida. Sai ta yi min bayani. Suna cikin sujada da safe wasu mutane suka zo a kan babura suka kewaye wurin. Uwarta da wasu mata suka riƙa miƙa yara ta tagar baya, su faɗa cikin masara su gudu. Da yaran suka ƙare ba sauran lokaci. Wata da ta tsira a ƙarƙashin benci ta ce matan sun haɗa hannu, uwarta ce ta ɗaga waƙa, sauran suka amsa.

Yarinyar ta ce, "Mun binne su jiya. Ta sha gaya min in wani abu ya faru in kira ki, in ce ki gaida Alhaji."

Na buɗe baki in yi ta'aziyya, na rasa wadda zan yi. Duk kalmomin da na saba faɗa a gidan rasuwa, ban san wacce ta halatta ba, wacce za ta yi mata daɗi. Na ce, "Allah ya ba ku haƙuri," na ji ya yi kaɗan ƙwarai. Ita ce ma ta koma lallashina, ta ce, "Anti, kada ki yi kuka haka. Muna baƙin ciki, amma ba mu rasa bege ba."

Ban iya shiga aji ba, na nemi izini na dawo gida. A matakalar bene na haɗu da Yaya zai fita. Ya ga fuskata ya tsaya. Na gaya masa duka, har da gaisuwar.

Ya dafa bango, ya zauna a kan matakala da farar rigarsa, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Can ya ce, "Ni na mayar da ita can."

Na zauna kusa da shi. Muna nan zaune har wani maƙwabci ya hawo da ledojin cefane, muka matsa gefe muka ba shi hanya.